Kiɗan Pank a Fim da Abin da Ya Shafi Manazarcin Hausa

Kiɗan pank ya ɓulla ne a biranen New York da Landan a tsakiyar shekarun 1970. Kiɗa ne na samari 'yan tawaye, mai sauri da hayaniya, waƙoƙinsa gajeru ne, yawancinsu zambo ga hukuma da masu hannu da shuni. Kafofin watsa labarai sun juya masa baya, har gidan rediyon BBC ya hana sanya waƙar Sex Pistols mai suna God Save the Queen a 1977. Saboda haka akasarin abin da ya wanzu na farkon tarihinsa, 'yan cikin harkar ne suka ɗauka da ƙananan kyamarori.

A 1976 Amos Poe da Ivan Kral suka fitar da The Blank Generation, wanda suka ɗauki yawancinsa a gidan rawa na CBGB, hoto daban, sauti daban. A Landan kuwa, Don Letts, wanda iyayensa 'yan Jamaika ne, yana sanya faifai a gidan rawa na Roxy, ya ɗauki makaɗa da kyamarar Super 8, aka sami The Punk Rock Movie a 1978. Bayansu Penelope Spheeris ta nuna makaɗan Los Angeles a The Decline of Western Civilization a 1981. Hotunan duk ba su da kyan gani, amma su ne hujjar masu tarihi a yau.

Irin wannan ya faru a ƙasar Hausa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya da kyamarar bidiyo, ba tare da jiran gidan talabijin ba. Da Sangaya ya fito a 1999, waƙar fim mai kiɗan fiyano ta kafu, ta bazu a kaset daga birni har garuruwan karkara irin su Gwangwan a yankin Karaye da Rogo.

Bambancin shi ne, fina-finan pank sun sami ma'adana, alhali kaset na bidiyo ba ya jure zafi da ƙura. Haka kuma kiɗan kalangu da gangar noma da wayar hannu ke ɗauka a bukukuwan ƙauye, yana ɓacewa ne ranar da wayar ta lalace. Ya kamata sassan koyar da Hausa a jami'o'i su tattara waɗannan hotuna, su rubuta sunan makaɗi da gari da shekara, tun masu bayaninsu suna raye.