Baurin Bagaruwa da Haihuwar Shanu

Jama'a, da yawa cikinmu nan zango mun juya ribar goro ta zama shanu, muka damƙa wa Filani a filayen bayan Ankara. Kukanmu ɗaya ne: saniya ta yi shekara biyu ba maraƙi. Ga shi cikinta wata tara ne da 'yan kwanaki, in ba haihuwa kuwa ba nono, ba wagashi, sai kuɗin kiwo.

To, masanan dabbobi sun gano wani taimako cikin abin da muka daɗe da sani, watau baurin nan da mu ke ji a goro, wanda majema ke nema a bagaruwa. Turawa na ce da shi tanin. Cikin saniya ɗaki huɗu ne. In ta ci abinci mai gina jiki da yawa, ƙwayoyin da ke tumbi su kan farfasa shi tun bai wuce ba, ya zama yuriya a jini. Yuriya in ta yi yawa ta kan hana ciki zama bayan barbara. Baurin nan shi ke riƙe abincin ya tsallake tumbi, sai a ɗaki na huɗu ya sake shi, jiki ya amfana.

A ƙasar Niyuzilan, tun shekarun 1990, an kiwata tumaki a kan wata ciyawa mai bauri, aka ga tagwaye sun ƙaru. A shanu kuwa an tabbatar yuriya na raguwa, amma ba kowane gwaji ya nuna ƙarin haihuwa ba. Yanzu har garinsa a ke sayarwa, ana fitar da shi daga itatuwan Ajantina da Italiya.

Sai dai a yi hattara. Awon da ya ke da amfani kashi 2 zuwa 4 ne cikin 100 na busasshen abinci. In ya haura 5, saniya ta rage ci, ta rame, an yi ba a yi ba ke nan. Saboda haka kada wani ya zuba wa shanunsa bagaruwa da mudu.

Shawararmu ita ce a fara da ƙoshi, da ruwa, da gishiri, gama ramammiyar saniya ba ta neman bijimi. Sa'an nan a tambayi likitan dabbobi kafin a sayi garin. Allah ya sa albarka a garke, amin.