Sun Ƙananan Kifi A Fadamun Nguru Da Gashuwa

Duk wanda ya bi hanyar Nguru zuwa Gashuwa a farkon kaka zai ga yara da magidanta tsamo-tsamo cikin kududdufai da lambatun gefen hanya, wasu da koma, wasu da fatsa, wasu kuwa da ƙwarya kawai suna kwarfar ruwa. Abin da suke nema bai wuce 'yan karfasa da ƙurungu da kawara da ƙananan tarwaɗa ba. Masu iya magana sun ce kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, amma a wannan yanki na arewacin Jihar Yobe kifin fadamar shi ne naman miyar talaka, kuma daga cikinsa ne na gulbin yake fitowa.

Asalin wannan arziki shi ne ambaliyar shekara-shekara. Kogin Haɗejiya da na Jama'are, idan suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru, sai su rarrabu rassa-rassa a tsakanin jigayi, kafin su haɗe su wuce ta Gashuwa da Gaidam da sunan Komadugu Yobe, har Tafkin Chadi. Da ruwa ya cika a watan Agusta da Satumba, sai manyan kifaye su bar gulbi su fantsama cikin ciyawar fadama su zuba ƙwai. A nan 'ya'yansu suke samun abinci da maɓoya har su yi ƙwari.

Idan ruwa ya soma janyewa, 'ya'yan kifin sukan kasu kashi biyu. Kashi na farko su ne waɗanda suka maƙale a kududdufan da za su ƙafe kafin bazara. Waɗannan, in ba a kama su ba, rabon tsuntsaye ne, in ban da gaiwa wadda takan shige cikin laka ta kwanta har damina ta zagayo. Saboda haka kama su ba ya rage kome. Kashi na biyu kuwa su ne masu bin magudanai suna komawa gulbi da manyan tafkuna, watau irin baɗi ke nan. Makomar sana'ar su a wannan yanki ta rataya ne a kan bambance waɗannan kashi biyu.

Magabata sun san haka. A ƙasar Bade da kewayen Nguru, tafkuna da yawa suna da masu su, kuma ba a faɗa musu da su sai sarkin ruwa ko bulama ya sa rana. Bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram, a ƙarƙashin Mai Bade, ya ginu ne a kan wannan al'ada: a kame hannu daga ruwa har kifi ya girma, sa'an nan jama'a su shiga gaba ɗaya da gora da koma.

Abu na farko da ya girgiza wannan tsari shi ne tare ruwa daga sama. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukkansu a Jihar Kano, ga kuma farin 1973 da na 1984. Masana sun ƙiyasta cewa a shekarun 1960 ambaliya takan rufe fili mai faɗin hekta 250,000 zuwa 300,000, amma daga baya ta koma tsakanin hekta 70,000 da 100,000. Inda ruwa bai kai ba, kifi ba ya haihuwa.

Bugu da ƙari, sakin ruwa daga madatsun da rani ya sa wasu magudanai suka daina bushewa, abin da ya ba ciyawar kacala damar yin kaka-gida. Kacala ta toshe tsohon kogin Haɗejiya da reshen Burum Gana, ruwa ya karkata zuwa magudanar Marma da Tafkin Nguru. Sakamakon haka, ƙauyukan Nguru suka sha fama da ruwan da ya ƙi janyewa daga gonaki, alhali Gashuwa ta koma dogara galibi ga kogin Jama'are. Wannan ne ya sa mutanen yankin suke sa ido ƙwarai duk lokacin da aka ta da maganar gina madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauchi. A cikin kacala kuwa ba a iya jefa birgi, kwalekwale ma da kyar yake ratsawa.

Abu na biyu yana hannun masuntan kansu. Da kifi ya ragu, jama'a kuma suka ƙaru, sai wasu suka koma ga taru mai ƙananan idanu, har da gidan sauron da aka raba domin maganin zazzaɓi. Wasu kuma sukan jera tarkon mali su datse magudana daga gaɓa zuwa gaɓa, abin da ake kira dumba, ta yadda ko ɗan kifi mai tsawon yatsa ba zai wuce ba. Mafi muni su ne masu zuba maganin ƙwari a ruwa, wanda mutane da dabbobi suke sha. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma kayyade faɗin idon raga, amma fadama tana da faɗi, ma'aikatan da za su duba kuwa ba su da yawa.

Wanda ya fi jin jiki shi ne mai ƙaramin ƙarfi. Manomin da amfanin gonarsa bai kai shi baɗi ba, da ɗan kifin nan yake cike giɓi. Mata su ne masu ferewa, su shanya ko su yi banda, su kasa a kasuwa, ko su daka a zuba a miyar kuka. Yaran da ba sa ganin nama sai da salla, daga nan suke samun abin gina jiki. Manyan 'yan kasuwa masu ɗaure banda a kwali zuwa Kano da kudancin ƙasar nan suna iya nemo kaya daga wani wuri, amma matar da ke kasa kifin kududdufi ba ta da inda za ta.

Ba a zauna haka kawai ba. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗejiya da Nguru. A shekarar 2000 Tafkin Nguru da magudanar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A 2006 kuma gwamnatin tarayya da jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka amince da kafa asusun kula da kogunan yankin. Mutanen ƙauyuka ma sukan yi gayya su sare kacala domin ruwa ya sami hanya.

Abin da ya rage shi ne hukumomin da ke riƙe da madatsun su riƙa sakin ruwa daidai da lokacin da kifi yake haihuwa, su kuma bar fadama ta bushe da rani. Su kuma sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masunta, a mara musu baya su hana datse magudanai a lokacin da 'ya'yan kifi suke komawa gulbi. Yaron da ke kwarfar kududdufi a bar shi da ƙwaryarsa, domin ba shi ne mai cinye irin baɗi ba.