Kuɗin Tsofaffin Ma'aikata Da Wutar Rana A Gaban Majalisa

Yau maganarmu a kan wata mas'ala ce da ta ratsa zauren Majalisar Tarayya a Abuja, wadda jama'a da yawa suka ji a rediyo suka wuce, don lissafinta ya yi wa kunne nauyi.

A watan Mayu na 2025 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya aika wa Majalisa takarda, yana neman iznin cin bashi. Babban kason daga ƙasashen waje ne, dala biliyan 21 da rabi, don manyan ayyuka. Tare da shi akwai roƙon a ci bashin kimanin naira biliyan 758 a cikin gida, domin a biya tsofaffin ma'aikatan Gwamnatin Tarayya hakkinsu da ya maƙale, har da ƙarin fansho da ba a biya ba tun 2007. A watan Yuli Majalisar Dattawa ta amince. To, madalla. Wanda ya jira hakkinsa shekara 18, ba ya tambayar daga wace jaka aka ɗebo. Amma mu da muke gefe, wajibi ne mu tambaya.

Ga yadda abin yake. Kafin 2004, ma'aikaci in ya ajiye aiki, daga baitulmali ake biyansa, in akwai a ba shi, in babu ya yi ta zarya da sanda a hannu. A shekarar nan, zamanin Obasanjo, Majalisa ta yi dokar adashen fansho, aka kafa hukumar PenCom ta sa ido. A 2014 aka gyara dokar, ya zama ana cire kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci kowane wata, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusu mai sunansa, wasu kamfanoni su riƙa juya kuɗin. A 2024 abin da ya taru ya haura naira tiriliyan 20. Fiye da rabinsa kuwa, Gwamnatin Tarayya aka ranta wa, ta hanyar sayen takardun bashinta. Watau ke nan, in Gwamnati ta fito cin bashi a gida don ta biya tsofaffi, a cikin manyan masu ba ta rancen akwai asusun ma'aikatan da ba su tsufa ba tukuna. A ranci na ɗa a biya uba.

Da kuɗi na nan da ƙarfinsu, da abin ya zo da sauƙi. Amma ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dala da ke wajen naira 460 a banki, ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. A Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ce tsadar kaya ta kai kusan kashi 35 cikin 100, watau abin da ka saya naira 100 a bara, bana sai da 135. Mai shago ya ƙara kuɗin kayansa, mai mota ya ƙara kuɗin mota, ma'aikaci ya yi barazanar yajin aiki har Majalisa ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024. Tsoho mai fansho fa? Ba shi da kayan da zai ƙara wa kuɗi, ba shi da aikin da zai yi wa yaji.

Malaman fiƙihu sun san wannan mas'ala tun zamanin kuɗin tagulla. Mashahurin zance a mazhabarmu shi ne, wanda ya ranci kuɗi adadinsu zai mayar, ko sun yi tsada ko sun yi araha. Amma Rahuni, daga malamanmu na Magriba, ya ga cewa in faɗuwar ta yi muni ƙwarai, har mai kuɗin ya zama kamar bai riƙe kome ba, to sai a dubi kima. Ni dai a ganina halin da tsofaffinmu suka shiga ya fi kusa da wannan. Ko tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya hango haka, domin sashe na 173 ya wajabta a sake duba fansho duk shekara 5, ko duk sa'ad da aka gyara albashi, wanda duk ya riga zuwa. Sashe na 210 ya ɗora wa jihohi irin wannan. Da ana bin wannan ƙa'ida a kan kari, da ba a tara bashin 2007 har zuwa 2025 ba.

Akwai kuma wani abu da ya tsaya mini a rai. Tun 2011 aka fid da sojoji daga wannan adashe. A 2023 Majalisa ta yi dokar da ta fid da ma'aikatanta su ma, Shugaba Buhari ya sa hannu kafin ya sauka. A Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka yi dafifi a ƙofar Majalisa suna neman a fid da su. In mai tuwo ya aika 'ya'yansa su ci a maƙwabta, baƙo na da dalilin ya sunsuna miya.

Sa'an nan ga maganar wuta. A watan Mayu na 2024 Ministan Kuɗi Wale Edun ya ce Gwamnati na son a jawo kuɗin fansho da makamantansu cikin manyan ayyuka, irin su wutar lantarki da gidaje da hanyoyi. Ƙungiyoyin ƙwadago suka ce atafau ba su yarda ba, har Ministan ya fito ya yi bayanin cewa ba za a taɓa kuɗin kowa ba bisa ka'ida ba.

Bukatar kam ba ƙarya ba ce. Mu a Arewa ba mu manta da Oktoban 2024 ba, sa'ad da aka lalata layin da ya taso daga Shiroro, ɗayan da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi, jihohi suka fi mako guda a duhu, masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. Alhali kuwa rana na bisa kanmu tun hantsi har la'asar, ba mai iya sare mata turke. An kuwa gwada an gani: a 2019 aka buɗe tashar wutar rana mai megawat 7 a Jami'ar Bayero, a Janairun 2023 aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi iko su kafa nasu tsarin wuta. Saboda haka ban ga laifin tunanin ba. Shari'a ma ta yarda waliyyi ya juya dukiyar maraya, don kada ta zauna tana raguwa.

Sai dai juyawa iri-iri ce. A hukuncin kiradi, in aka yi hasara a kan mai dukiya take faɗawa, mai juyawa wahalarsa kaɗai ya rasa, sai fa in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi. To wa zai tabbatar? Ku tuna da aikin wutar iska na Lambar Rimi a Katsina, megawat 10, wanda aka ƙulla tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa na Gwamna, ya fi shekara 10 ba a gama ba. Ku tuna a 2025 kamfanonin da ke samar da wuta sun ce suna bin bashin wajen naira tiriliyan 4. Kasuwar da ba a biyan mai kaya a cikinta, ba a kai mata dukiyar amana ido rufe.

Hanya kuwa akwai ta, an ma taɓa bin ta. A 2017 Gwamnati ta fid da sukuk na naira biliyan 100, aka ambaci hanyoyi 25 da sunayensu, kowa ya ga allon a bakin titi, ya san inda kuɗin suka tafi. A 2021 PenCom ta buɗe asusu na shida, wanda ba ruwansa da riba ta ruwa, ga ma'aikacin da ya zaɓa. Me zai hana a haɗa biyun? A ce ga tashar rana a kasuwa kaza, ga yawan rumfunan da za su sha wutar, ga abin da kowa zai biya a wata, ga rabon mai fansho, ga kuma wanda zai ɗauki lamuni in aikin ya tsaya saboda sakaci. Mai rumfa da ke sayen man janareta kullum ba zai ƙi biya ba.

Wannan ita ce tambayar da nake roƙon wakilanmu na Arewa su tashi su yi, duk ranar da maganar ta sake zuwa zaure, kafin Shugaban Majalisa ya buga gudumarsa. Su kuma nemi a karanta musu sunayen jihohin da ke cire kashi 8 daga albashi ba sa zubawa a asusun mai shi.