Al'adun Gargajiya da Kare Halittun Daji a Kudancin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ta Bebeji da Kiru da Tudun Wada har zuwa Doguwa, zai lura da manyan itatuwa tsaye a tsakiyar gonaki, irin su kuka da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya. Ba haka kawai suka tsira daga gatari ba. Akwai al'adu da imani waɗanda suka tsare su tun kafin a kafa dokokin gandun daji.

A addinin gargajiya na Maguzawa, waɗanda har yau akwai zuriyarsu a wannan yanki, an yi imani cewa iskoki suna zama a wasu itatuwa, musamman tsamiya da kuka. Saboda haka ba a sare su, kuma kurmin da ake tsafi a ciki ba a shigarsa don yin itace. Akwai kuma abin da ake kira kan gida, wato wata dabba, alal misali maciji, wadda wata zuriya ba ta kashewa, ba ta ci. Su ma maharba suna da ƙa'idojinsu a ƙarƙashin sarkin baka, kuma farautar gayya da rani ake yin ta. Ita kuwa shamuwa, da yake zuwanta albishir ne na damina, ba a taɓa ta ko da ta yi sheƙa a cikin gari.

Bayan Musulunci ya kafu, tsafi ya ja baya, amma ragowar waɗannan halaye ba su ɓace ba, domin addinin ya hana ɓarna, ya kuma mai da dashen itace sadaka.

To, mene ne amfanin wannan a kimiyyance? Itace guda tamkar unguwa ce ta halittu. Jemagu ne ke yi wa furen kuka da na ɗorawa barbara da dare, don haka idan suka rasa mafaka, 'ya'yan itacen za su ragu, daddawa ta yi tsada. Shamuwa tana cin fara da tsutsotsin da ke ɓata amfanin gona, maciji kuma yana rage ɓeraye. Kurmi yana riƙe ƙasa, yana hana zaizayar da ke kwararar da laka zuwa Kogin Kano da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974.

Ba Hausawa kaɗai ke da irin wannan ba. Ƙabilar Subanen ta tsibirin Mindanao a ƙasar Filifin sukan nemi izinin iskokin daji kafin su share sabuwar gona. Yarjejeniyar kare halittu da aka ƙulla a birnin Riyo a 1992 ta amince da muhimmancin ilimin gargajiya.

Sai dai yawan jama'a da sana'ar gawayi da saran itacen girki sun matsa wa dazuzzuka, har da Dajin Falgore, wanda aka keɓe tun shekarun 1940. Idan tsoron iska ya kau, wajibi ne ilimi ya maye gurbinsa. Ya kamata ɗalibai su tambayi dattawan garinsu waɗanne itatuwa da dabbobi ne a da ba a taɓawa, su rubuta sunayensu, sannan su ƙidaya waɗanda suka rage.