Fiffiken Jirgin Sama da Matsalar Zaɓen Aikatau a Hausar Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Sunan jirgin sama, wanda ya fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925, bai ba Hausa wahala ba, domin an ɗauki “jirgi” ne aka jingina shi da “sama”. Abin da bai zauna ba shi ne aikatau ɗin da za a bayyana aikin fiffikensa da shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa duk aikatau ɗin da mai fassara ya zaɓa, ya ɗauki ɓangare ke nan a wata tsohuwar muhawara ta masana kimiyya, ko ya sani ko bai sani ba.

2.0 Ra'ayoyin Masana

Ɗalibin da ya shiga bas a shataletalen Kpakungu a Minna zuwa Gidan Kwano, mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya a kan hanyar Bida, in ya miƙa hannu ta taga ya ɗan karkata tafinsa, zai ji hannun ya yi sama. Tafin ya kora iska ƙasa, ita kuma ta mayar da martani daidai gwargwado. Wannan shi ne bayanin da ake jinginawa ga dokar motsi ta uku ta Isaac Newton, wadda ya wallafa a 1687.

A unguwar dai, guguwar farkon damina takan yaye kwanon rufi ta yi sama da shi, maimakon ta danne shi. Iskar da ta ƙetare ƙoƙuwar rufi da gudu matsinta yakan ragu, sai ta cikin ɗaki ta rinjaye ta. Dangantakar gudu da raguwar matsi ita ce ka'idar Daniel Bernoulli ta 1738.

Daga wannan ka'ida ne wani kuskure ya samo asali, har ya cika littattafan makaranta. Ana cewa wai tun da bayan fiffike yana da doro, iskar da ta bi ta kai hanyarta ta fi tsawo, don haka tilas ta ƙara gudu domin ta cim ma ’yar'uwarta ta ƙasa a ƙarshen fiffike. Babu wata doka da ta ɗaura wa iskokin biyu wannan alkawari. Gwaji da hayaƙi ya nuna ta sama tana riga ta ƙasa isa, kuma ba ta jiranta. Ban da haka, jiragen wasa a sarari sukan yi tafiya ciki sama, kuma akwai fikafikan da samansu da ƙasansu siffa ɗaya ce.

A 2003 Holger Babinsky na Jami'ar Kambirij ya jawo hankali ga lanƙwasar hanyar iska. Duk inda iska ta sha kwana, matsi yakan ragu ta cikin kwanar. Fiffike mai doro ko mai karkata yana sa iska ta lanƙwasa ta nufi ƙasa, matsi ya faɗi a bisansa, gudu ya ƙaru. Ke nan Newton da Bernoulli abu guda suke aunawa, ɗaya ta iskar da aka kora, ɗaya ta matsin da ke jikin fiffike.

3.0 Zaɓen Aikatau

A dubi waɗannan jimloli:

(1) Iska tana tsotsar fiffike.
(2) Iska tana tura fiffike sama.
(3) Fiffike yana ɗaguwa.

Jimla ta (1) ta fi daɗin ji, amma ita ce ta fi ɓatarwa, domin iska ba ta ja, dannawa kawai take yi. A gaɓar teku tana danna kowace murabba'in mita da nauyin kusan tan 10, ta kowace fuska. Bambancin da babban jirgin fasinja yake buƙata tsakanin saman fiffike da ƙasansa bai kai kashi 10 cikin 100 na wannan ba. Jimla ta (2) gaskiya ce, sai dai takan sa ɗalibi ya ɗauka iska tsakuwa ce da ke bugun cikin fiffike, alhali a tafiyar yau da kullum raguwar matsin sama ce ke ba da kaso mafi tsoka.

Jimla ta (3) kuwa ta tsira daga muhawarar ne saboda ta ɓoye aikau. Amma “ɗagu” aikatau ne ɗan aji bakwai a rabon Parsons na 1960, kuma idan ya zo a lokaci mai ci yakan ba da ma'anar yiwuwa, kamar a “tuwon yana ciyuwa”. Mai karatu zai iya fahimtar cewa ana iya ɗaga fiffiken ne kawai. Saboda haka ya fi dacewa a kira abin “ƙarfin ɗagawa”, a mayar da fiffike aikau, a ce: fiffike yana lanƙwasa iska ƙasa, sai matsin ƙarƙashinsa ya rinjayi na bisansa.