Man da ya dace da famfon gida

Ruwan da muke sha a Yamai daga kogin Kwara ake ɗebo shi, a tace shi a matatar Gudel. Abin da ke ba ni haushi, mutum yana maƙwabtaka da matatar, amma kan famfonsa na ƙagewa sai ya ɗiga masa baƙin man babur. Wannan man yana kumbura robar ciki har ta tsage, kuma yana gurɓata ruwan randa. Basilin ma ɗanyen mai ne asalinsa. Man gyaɗa kuwa daɗewa yake ya yi wari, ƙurar hunturu ta liƙe masa.

Nemi giris na silikon wanda aka rubuta ya dace da ruwan sha. Rufe ruwa daga mita, kwance kan famfon, goge yashi da tsumma, shafa kaɗan a zaren sukuru da robar. In robar ta riga ta fashe, sauya ta.