Allurar riga-kafin masassarar cizon sabro ta samu

Kowa ya san ɓarnar da masassarar cizon sabro take yi mana daga tsakiyar damana zuwa kaka. Yara ƙanana su ne ta fi kashewa.

An daɗe ana yi wa yaranmu allurar ƙyanda da ta shan-inna. Me ya sa ta masassara ta yi jinkiri? Dalili shi ne ƙwayar cutar tana sake kama. In sabro ya ciji mutum, sai ta wuce cikin hanta ta hayayyafa, sannan ta fito da wata siffa ta shiga jini. Masana sun fara aikin allurar farko, mai suna RTS,S, tun 1987. Aikinta shi ne ta koya wa jiki ya tare ƙwayar kafin ta shiga hanta.

A 2019 aka soma yi wa yara ita a ƙasashen Gana, Kenya da Malawi. Yara fiye da miliyan 2 suka samu, kuma mutuwar yara ta ragu da kashi 13 cikin 100 a wuraren da aka yi ta. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta yarda da ita a 2021. A 2023 ta yarda da ta biyu, R21, wadda aka gwada a Burkina Faso. A nan Nijar an soma allurar a Gaya, cikin jihar Doso, a watan Satumba na 2024.

Amma akwai sauran aiki. Allurar ta yara ce, kuma sau 4 ake yin ta. Ƙarfinta yana raguwa a hankali, shi ya sa ta huɗu take da muhimmanci. Ga nisan gidan likita, ga aikin gona, sai uwa ta kai yaro sau 2 ta daina. Yaron nan bai samu cikakkiyar kariya ba.

Kuma allura ba ta hana kamuwa gaba ɗaya, rage haɗari take yi. Saboda haka kada mu yar da sange. Mu ci gaba da ba yara maganin riga-kafin da ake rabawa wata-wata lokacin damana. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita ran nan.

Mu da muka iya karatu, mu duba katin allurar yaranmu da na maƙwabta, mu tuna wa iyaye ranar komawa.